Saiwar Naman Kazan Inna Batulu

A aljihun gaban rigar Malam Badaru, inda sauran malamai ke maƙala biro, akwai wata guntuwar rula ta roba, shuɗiya, wadda ta karye daga kan lamba goma sha ɗaya. Ba kowa ke lura da ita ba, don kanta kawai ke leƙowa. Da ita yake shiga aji, da ita yake zuwa masallacin Juma'a, ko ɗaurin aure za shi tana nan. Ya fara yawo da ita ne tun ranar da wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje ta dawo masa da takardarsa cikin awa biyu, ba a karanta ko layi ɗaya ba, wai hotunan da ya aika ba su da ma'aunin da zai nuna girman abin da aka ɗauka. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar hoton komai ba sai da rular nan a gefe, kuma bai ƙara yin maganar mujallar ba sai da tsaki.

Malam Badaru ɗan Kwandiko ne, a ƙasar Gwaram. Shekararsa arba'in da bakwai, goma sha tara daga ciki ya yi su yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Birnin Kudu. Mutum ne siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi, amma ba ya duka. Ɗalibai sun fi tsoron shirunsa. Yana aji huɗu na firamare mahaifinsa ya rasu, ya bar shi da ƙanwarsa Sabuwa a hannun mahaifiyarsu, Inna Batulu. Abin da ya fi tunawa na waɗannan shekarun shi ne watan marka, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. A irin wannan lokaci Inna takan fita bayan sallar asuba da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ta dawo kafin rana ta ɗaga da naman kaza fal, farare masu faɗin laima, da ɗan tsini a tsakiyar kai. Ta yi miya da shi, ta shanya sauran a kan rufin ɗaki. Da wannan miyar suka ƙetare damina da yawa.

Saboda haka da ya shiga karatun digiri na uku yana aiki yana karatu, aka ce ya zaɓi abin da zai bincika, bai yi dogon tunani ba. Ya ce naman kazan da ke fitowa a gidan gara. Ya tattara iri bakwai daga Sundimina har iyakar Gwaram, shida duk an san su, an rubuta su tun da daɗewa. Na bakwai, wato na Inna, shi ne ya ƙi shiga kowane littafi. Farfesan da ke duba aikinsa ya sa shi a madubin ɗakin gwaji, ya ɗago, ya sake sunkuyawa, sannan ya ce a aika a gwada ƙwayoyin halittarsa. Da sakamakon ya dawo, sai ga shi bai yi daidai da na kowa ba. Farfesa ya ce in Allah ya yarda wannan sabon iri ne, kuma Malam Badaru ne zai raɗa masa suna. A kan hanyarsa ta dawowa cikin mota ya yanke shawara: sunan Inna zai sa masa.

Sai dai jami'a tana da dokarta. Ba a ba mutum digirin sai wata mujalla da aka yarda da ita ta karɓi takardarsa. Kuma shekara bakwai ce iyaka. An rubuto masa cewa in ƙarshen Disambar 2024 ta yi ba shi da wasiƙar karɓa a hannu, za a cire sunansa daga rajista, duk abin da ya yi ya tashi a banza.

Shi ba gwanin kwamfuta ba ne. Da biro yake rubutu, ya kai wa Ummussalma, mai shagon buga takardu a kusa da tasha. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana, ta buga kundin ɗalibai da katin biki da takardar sayen fili har ba ta san iyakarsu ba. Ita ce ta fitar da ƙa'idojin mujallar, shafi goma sha ɗaya, ta manna su a bango a saman firinta, tana bi da jan biro. A bar tazara biyu tsakanin layi da layi. Kowane layi a ba shi lamba daga farko har ƙarshe. Taƙaitawa kada ta wuce kalma ɗari biyu. Sunan halitta a karkata rubutunsa, amma sunan wanda ya raɗa shi a bar shi a miƙe. Hotuna kada a cusa su cikin rubutu, kowanne ya zo da fayil ɗinsa.

Sau huɗu suna aikawa, sau huɗu ana dawowa da takardar daga bakin ƙofa. Na farko hotuna ne. Na biyu taƙaitawar ce ta kai kalma ɗari biyu da goma sha shida. Na uku jerin littattafan da ya dogara da su ne, wai ya sa waƙafi tsakanin sunan marubuci da shekara, su kuma ba sa sawa. Ranar nan Malam Badaru ya tsaya a tsakiyar shagon, janareto na ruri a waje, ya riƙa faɗa da allon kwamfuta kamar mutum ne. Ya ce shi da ya yi damina uku yana shiga ƙaya da cizon gara, wani zai zauna a ɗaki mai sanyi ya ƙirga masa waƙafi. Ya ce da a ce takardar daga wata babbar jami'a ta fito da sun gyara waƙafin da hannunsu. Ummussalma ta bar shi ya gama, sannan ta ce littattafan sittin da uku ne, in ya zauna yana karanto mata za su gama kafin la'asar. Ya zauna.

Na huɗu ba wasa ba ne, ko shi ya san haka. Kafin a yarda sabon iri ya samu suna, dole a busar da samfuri guda a ajiye shi a ma'ajiyar busassun tsirrai da duniya ta sani, a ba shi lamba, domin duk wanda ya yi shakka ya je ya duba. Dole a yi wa sunan rajista a samo wata lambar. Dole a rubuta wanda ya tsinko shi, da ranar, da irin ƙasar wurin, da irin garar da yake fitowa a gidanta, da lambobin taswira na daidai inda ya tsiro. Duk ya cika waɗannan, saura abin da ya shafi wurin.

A daminar 2023 ya je Kwandiko ya ce Inna ta nuna masa inda take samowa. Ta ce ƙafarta na ciwo. Ya dawo mako na gaba ta ce akwai suna a maƙwabta. A zuwa na uku ya zauna a zaure ya ce ba zai tafi ba. Ta ɗauki mayafi ta shiga gaba, suka bi hanyar fadama har wani ƙaton suri da ya fi mutum tsayi, a kan baƙin laka. Ta nuna shi da baki. Ya zagaya shi sau biyu, ya ɗauki lambobin wurin da wayarsa, ya fasa gefe kaɗan ya kama zago, manyan gara masu jan kai, ya zuba a kwalba. Bai ga naman kaza ko ɗaya ba, amma Inna ta ce ai na jiya ne ta kwashe. Ya rubuta komai ya kai wa Ummussalma. Wannan karon takardar ta wuce bakin ƙofa, aka miƙa ta ga masana biyu su duba.

Wata tara ba labari. Yakan biya shagon kusan kullum bayan an tashi makaranta, ya tsaya daga ƙofa, Ummussalma ta girgiza kai, ya wuce. Amsar ta zo a ƙarshen Yulin 2024. Masani na farko ya yaba aikin, ya nemi gyare-gyare ƙanana. Na biyu ya kawo magana biyu. Ya ce duk samfuran an karya su ne daga fuskar ƙasa, alhali irin wannan naman kaza yana da doguwar saiwa da ke gangarawa har cikin gidan gara, kuma ba a raɗa suna sai an ga saiwar cikakkiya da ɗan ɓangaren gidan da ta fito. Sannan ya ce dangin da gwaji ya nuna wannan naman kaza ya fito ba a san su da zama da zago ba. Ko dai an yi kuskure wajen gane garar, ko kuma marubucin bai ga abin yana tsiro da idonsa ba. Edita ya ba da kwana talatin. In an wuce, sai a sake shigowa daga farko, kuma shi ya san daga farko na nufin bayan Disamba.

Malam Badaru ya karanta jimlar ƙarshe ta masanin sau uku.  Ya ce wa Ummussalma ta buɗe sabon shafi, ya fara yi mata shifta yana kai da kawowa tsakanin firinta da ƙofa. Ya ce a gaya wa wannan mutum cewa shi a cikin suri ya girma, shi kuwa sai dai a hoto ya gani. Ya ce a tambaye shi ko ya taɓa jin cizon zago. Ya ce a rubuta cewa kiran mutum maƙaryaci ba ya cikin ƙa'idojin nan masu shafi goma sha ɗaya da suka manna wa duniya. Ta buga duka, ba ta tsallake kalma ba. Da ya ce ta aika, sai ta rufe shafin ta buɗe hoto na biyu, wanda ya ɗauka a kan farar takarda da rularsa a gefe. Ta ƙara girmansa har gindin naman kazan ya cika allon.

"Malam, duba nan. Wace irin ƙasa ce wannan a jikinsa?"

Ya sunkuya. Ƙasa ce ja, jawur, mai tsakuwa.

"A layi na ɗari da arba'in da biyu mun rubuta baƙin laka. Hotuna tara ne, na duba duka tun bara, duk ja ce. Na ɗauka ko ka san dalili." Ta juyo ta dube shi. "Kai ka taɓa ganinsa a tsaye a jikin surin nan?"

 Bai taɓa gani ba. Kullum Inna ce ke aiko masa cewa ya fito, ya hau babur daga Birnin Kudu, ya iso da hantsi ya tarar da shi a ƙwarya an rufe da faifai. Damina uku ke nan, kuma ko sau ɗaya bai tambayi kansa ba.

Ya isa Kwandiko rana tsaka, rigarsa duk taɓo. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran zogale, Sabuwa, wadda ke aure a cikin garin, tana taya ta. Ya gaishe ta a tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Inna ta ɗago ta dube shi, ta ce wa Sabuwa ta kawo wa Malam tabarma, don ba ta faɗin sunansa, shi ne ɗanta na fari. Ya ce ba zama ya zo yi ba. Ya tambaye ta ko surin fadama shi ne wurin.

"Ba shi ba ne," in ji ta, ba ta daina tsinkar ganye ba. "Ina sane na kai ka can."

 Sai magana ta zo masa gaba ɗaya. Ya ce shekara guda yana zagin bayin Allah a kan waƙafi da tazarar layi, ashe babbar ƙaryar daga gidansu ta fito, kuma da hannunsa ya sa mata lamba ya aika duniya. Ya ce wani mutum da bai san shi ba ya kira shi maƙaryaci, kuma mutumin ya yi gaskiya. Ya ce da ta ce masa ba za ta nuna ba, da ya san abin yi. Ya ce shi ba baƙo ba ne, ba ɓarawo ba ne, ɗanta ne.

Inna ta bar shi ya sauke. Sannan ta yi bayani a hankali, kamar mai gaya wa yaro abin da kowa ya sani. Wurin nan daga mahaifiyarta ta gaje shi, ita ma daga tata. Mace ke nuna wa 'yarta, ba a nuna wa namiji, don namiji in ya zauna a majalisa bakinsa ba ya rufuwa, kuma hannunsa ba ya ganin ƙasa ya bar ta. Naman kaza karya shi ake yi daga sama a tafi, ba a tono, don in aka buɗe wa gara ɗaki sai ta tashi. Ta tuna masa wurin da matan unguwar gabas ke samu a da, wanda wani ya ji labari ya je da fartanya, yau shekara ashirin ko ɗaya bai sake fitowa ba. Ta ce shi kuma ba majalisa kaɗai zai kai ba, cewa ya yi zai rubuta a littafi kowa ya karanta.

Ya ce mata ai sunanta ya sa wa abin. Duk duniya, har bayan ba su, duk wanda zai kira wannan naman kaza sai ya kira Batulu.

"To, madalla," in ji Inna. "Sunan nawa ana sa shi a miya?"

Sabuwa ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Wannan ya ƙara tunzura shi. Ya ce to zai cire sunan, ya sa na garin, ko na jakin maƙwabta. Inna ta ce ya sa na jakin, shi ma yana da haƙƙi, ya sha ɗaukar masa kaya zuwa makaranta. Ya juya ya fita bai ci tuwon da aka zuba masa ba.

Kwana ashirin da biyu bai taka Kwandiko ba, bai kira ba. A makaranta ɗalibai suka riƙa kaucewa hanyarsa. Ya gyara duk ƙananan abubuwan da masani na farko ya nema, ya bar manyan biyu a buɗe. Wata rana da yamma ya ce wa Ummussalma ko dai su bar wurin yadda yake, su canja sunan garar kawai, wa zai zo Kwandiko ya duba? Ta ce ita dai abin da aka ba ta take bugawa, amma wannan layin sai dai ya zauna ya buga da yatsansa. Ta miƙe ta ba shi kujerar. Ya dubi kujerar, ya yi tsaki, ya fita. Ya bi duk surin da ya sani a jar ƙasa tsakanin Sundimina da Gwaram, da sassafe kafin makaranta, bai samu komai ba sai irin shidan da ya riga ya sani.

Sabuwa ce ta yi aikin da shi ya kasa. Ba ta roƙi Inna ba. Ta dai riƙa zuwa kullum tana faɗa mata saura kwana nawa, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ta gaya mata cewa in kwanakin suka ƙare, shekara bakwai ɗin da Yaya ya yi yana hawa mota zuwa jami'a duk ranar Juma'a sun zube.  Saura kwana tara aka yi ruwa kwana biyu a jere. A rana ta uku, yana fitowa daga masallaci da asuba, wayarsa ta yi ƙara, Sabuwa ce.

"Yaya, Inna ta ce ka taho yanzu. Ta ce kada ka zo da fartanya, kada ka zo da kowa."

Da ya iso suka fita shi da Inna da Sabuwa, amma ba hanyar fadama suka bi ba. Bayan gonar Inna suka zagaya, gonar da ya yi noma a ciki tun yana ɗan shekara tara, zuwa gindin wani tsohon kututturen ɗorawa. Babu suri a wurin ko kaɗan. Fili ne shafe, jar ƙasa mai tsakuwa, ciyawa ta rufe. A kan kututturen nan ya sha zama yana cin ɗumame. Inna ta ɗaga ciyawar da sanda, sai ga su, fiye da arba'in, wasu sun buɗe laima wasu ba su buɗe ba, raɓa na kansu. Malam Badaru ya tsaya yana kallo, wani sabon fushi ya taso masa, wannan karon bai san wa zai ba ba.

Inna da Sabuwa suka karye duka suka zuba a ƙwarya, suka bar guda ɗaya a gefe, babba. Inna ta ciro cokalin ƙarfe daga ƙugunta ta miƙa masa. Ta ce da wannan zai tona, rami ɗaya, kada ya fi faɗin hannunsa. Ta ce kuma lambobin nan nasa ba za su shiga littafi ba, in ya yarda ya tsuguna, in bai yarda ba ya miƙo cokalin. Ya ce ƙa'ida ce, ba shi ya kafa ta ba. Ta miƙa hannu. Ya tsuguna.

Awa huɗu ya yi yana bin saiwar. Siririya ce kamar igiyar guga, tana ƙara sirancewa tana yin baƙi, kuma in ta tsinke shi ke nan, babu wata. Ya kwanta rub da ciki, hannunsa ya shige har kafaɗa, yana fito da ƙasa cokali-cokali. Can ƙasa cokalin ya faɗa cikin rami. Ya laluba da yatsu ya ji wani abu mai taushi mai huji-huji kamar saƙar zuma, saiwar ta kafe a jikinsa. Ya ɓalle ɗan guntu kamar girman goro, ya zaro komai a hankali. Gara suka biyo hannunsa, ƙanana, farare-farare, ko kusa ba su kai zago ba. Masani na biyu ya yi gaskiya a duka biyun.

Tun da ya fara tono Inna ta juya masa baya, tana zaune a kan kututturen. Ya shimfiɗa naman kazan a kan farin ƙyalle, ya ajiye rular a gefe, saiwar ta ninka tsawon rular sau shida. Ya ɗauki hoto. Ya kama gara goma a kwalba. Sannan ya mayar da ƙasar, Inna ta taso ta ture shi gefe, ta daddanna bakin ramin da tafin hannu, ta yayyafa ruwa daga butarta, ta ja ciyawa ta rufe. 

Wasiƙar da ya rubuta wa edita gajeriya ce, kuma sau biyar ya yage ta kafin ta tsaya. Ya ce wurin da ya rubuta da farko ba daidai ba ne, garar ma ba ita ba ce, kuma laifinsa ne don bai gani da idonsa ba ya rubuta. Ya ce wurin gaskiya abincin wani gida ne, ya roƙi a buga sunan gari kawai, cikakkun lambobin a ajiye su tare da samfurin a ma'ajiya. A gurbin wanda ya tsinko ya bar sunan Batulu, a sunan iri ma ya bar shi. Ya kai sabon samfurin ma'ajiya da kansa ya karɓo lamba. Suka aika saura kwana biyu. Kafin ya kai bakin titi Ummussalma ta kira shi: an dawo da takardar, wai haruffan da ke kan sababbin hotuna manya ne, su kuma ƙanana suke so. Ya dawo ya tsaya a ƙofa, ya buɗe baki, ya rufe. Ta gyara cikin minti goma.

Edita ya yarda da roƙon. Wasiƙar karɓa ta zo a tsakiyar Nuwamba, ya kai jami'a, aka ba shi digirinsa. A makaranta aka fara ce masa Dakta. Ummussalma ta fitar da shafin farko mai launi, ta sa masa leda, ta ba shi kyauta.

A daminar 2025 naman kaza bai fito a gindin kututturen ba. Safiya goma sha ɗaya Inna tana fita da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi tana dawowa da ita wayam. Sabuwa ce ta gaya masa a waya, ta ce ruwan bana ya yi jinkiri, wataƙila shi ne, wataƙila baɗi ya dawo. Ya bincika duk littattafansa sittin da uku, babu wanda ya ce rami ɗaya na cokali yana tayar da gara, babu kuma wanda ya ce ba ya tayarwa. Inna ba ta ce masa komai a kai ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da duk wasiƙun mujallar. Da Farfesa ya kira ya ce yana da ɗalibai biyu da ke son zuwa su ga wurin su ɗebi samfuri, Malam Badaru ya ce babu wuri. Farfesa ya ce yaya babu wuri, ga shi an buga. Malam Badaru ya ce an buga Kwandiko, su je Kwandiko su tambayi matan garin. Ya kashe wayar.

Shafin nan mai leda yana cikin jakarsa har yanzu, bai kai shi Kwandiko ba. Ya kuma hana 'yan gidansu kiransa Dakta in ya je.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen Agusta ya shiga kasuwar Birnin Kudu da hantsi. Ya saya wa Inna busasshen kifi da daddawa da ɗan manja, ya sa aka ƙulle masa a leda biyu saboda ruwa. Ya ɗaure su a bayan babur da roba, ya ja ya ga sun kama, ya taɓa tayar baya da babban yatsa, ya tura babur ɗin wurin mai faci a ƙara mata iska.